Wurin da Ke Gefen Teokotai

Litinin, da hantsi

Na share Teokotai. Haka nake faɗa, kuma 'yata Moeroa ta gaji da gyara mini baki. Wai in ce na share kabarin Papa. To shi ne a ciki ko wani? Yana nan a ƙofar gida inda ya zaɓa, dab da titi, duk wanda ya wuce a babur sai ya ɗaga masa hannu. Kajin maƙwabta sun yi masa abin da suka saba, na wanke da ruwan sabulu.

Yau mutumin ofishin lasisi ya zo duba gidan baƙi. Ashe Nooroa ne, ɗan marigayiya Kura, wanda na koya wa waƙa a coci tun bai iya ɗaura wando ba. Yanzu ya ajiye tumbi, yana yawo da igiyar awo. Tun da Moeroa ta baro Auckland bayan rasuwar ubanta ta gyara tsohon gidanmu, mu muka koma ɗakin baya inda mijina Tai, wato Teokotai, ke ajiye komar kifinsa, masu zuwa hutu ke kwana a gadona. Ban taɓa cewa uffan ba, don 'yata ta dawo gida. Amma yanzu doka ta fito: nan gaba kaɗan, ba lasisi, ba baƙi.

Ya duba ƙararrawar hayaƙi, da tukunyar kashe gobara, da ragar sauro, da ruwan sha, duk yana gyaɗa kai. Sai da ya zagaya baya ya ga sokawe, ramin da ƙazantar bayi ke zuba, fuskarsa ta canza. Ya ce ya tsufa, kuma ya yi kusa da tafkin teku, ƙazanta na bi ta ƙarƙashin yashi tana kashe murjani. Dole a haƙa sabo nesa da ruwa. Zai dawo ya auna ya ga inda zai yiwu.

Na ba shi gwanda ya kai wa matarsa, ya ƙi karɓa, wai aiki ya hana. Da uwarsa na da rai da ta ja masa kunne.

Talata, da yamma

Asibiti. Likita ta ce in dawo tare da wani nawa. Na ce mata ni ce tawa.

Siket ɗin cocina ya yi mini yawa. Na kama shi da fil.

Laraba, bayan azahar

Nooroa ya dawo da igiyarsa. Ya auna daga bakin ruwa, ya auna daga rafin da ke gefenmu, ya auna daga iyakar maƙwabta, ya auna daga tushen gini. Duk inda ya tsaya sai ya girgiza kai ya matsa gaba. Ina zaune a baranda ina kallonsa yana hawowa sannu a hankali, kuma tun kafin ya iso na san inda zai ƙare. Ya tsaya a tsakiyar furannin tiare da ke gefen Tai, ya soka ƙarfe a ƙasa. Ya ce nan kaɗai doka ta yarda, kuma Papa ba zai taɓu ba.

Wurina ne.

Ni 'yar Mangaia ce, wani tsibiri can daban, aure ya kawo ni nan tsibirin Rarotonga. Ƙasar nan ta dangin Tai ce. 'Ya'yana suna da haƙƙi a kanta, ni ko inda zan ajiye takalmi ba ni da shi, duk da a nan na tsufa. Shi ya sa tun yana da ƙarfinsa Tai ya tara danginsa ya roƙa mini wurin kwanciya a gefensa, suka yarda bayan dogon ja-in-ja. Ya zaɓi tudun nan ne saboda guguwar da ta taɓa wanke kabarin kakansa a bakin gaɓa, ya ce mu dai ruwa ba zai same mu ba. Ran da suka yarda, mun dawo daga coci, sai mutumin nan ya miƙe a kan ciyawa da fararen kayansa, ya ce, "Nan ni, nan ke. Zo ki gwada mu gani ko ya isa." Na ce ya haukace, hulata sabuwa ce, kuma mutane na wucewa. Ban kwanta ba. Washegari na shuka tiare a wurin.

Duk wanda ya girma a tsibirin nan ya san ma'anar fili mai furanni a gefen kabarin miji. Nooroa ya sani, don bai iya haɗa ido da ni ba. Moeroa ta tafi tun tana budurwa, ta daɗe a garin da ake kai matattu bayan gari, ta manta. Murna ta kama yi.

"Mama, ashe da sauƙi ma. Furanni ne kawai, sai mu dasa su wani wuri."

Na ce haka ne, furanni ne kawai.

Da zai hau motarsa Nooroa ya rage murya ya ce, "Mama Paeru, ba dole sai yau ba. Ki yi tunani." Na ce ya tafi ya yi aikinsa, tunanina ba ya cikin abin da aka aiko shi aunawa. Bayan ya tafi na ji kunyar yadda na yi masa.

Alhamis, da safe

Na share Teokotai. Ban gaya masa ba. Ƙarfen yana nan tsaye a gefensa.

Juma'a, da yamma

Muna gurza kwakwa don rukau, miyarmu ta ganyen gwaza, sai Moeroa ta faɗa, kamar tana maganar ruwan sama. Idan lasisin bai fito ba kafin wata ya ƙare, za ta koma. Inda ta yi aiki a Auckland sun riƙe mata gurbinta zuwa lokacin. Ba ta faɗa don ta tsorata ni ba, yarinyar ba ta da wannan halin. Gaskiya ta faɗa: a nan babu abin da zai riƙe mace mai shekarunta in ba gidan baƙin ba. Yayyenta biyu sun tafi tun tuni, su ma haka suka ce, kuma su ma gaskiya suka faɗa.

Na yi fushi, ban san da wa ba. Na gurza har na gurje ɗan yatsana.

Asabar

Na wuce ta gidan marigayi Papa Ngatokorua a hanyar kasuwa. Na sa kaina kada in duba, na duba.

Lahadi, bayan coci

Saura mako guda a buɗe dutsen kabarin Tai, shekara ta zagayo. Yaya Tuaine, yayarsa, ta tare ni a bakin coci don ta ji aladu nawa za a sa a umu, ramin gashinmu mai duwatsu. Ita ce babbar dangi yanzu, kuma ba a haƙa ko ramin shuka ayaba a ƙasar nan sai da izininta. Tun ran da aka kawo ni take kirana 'yar Mangaia, kamar wata cuta ce. Ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce na rame, ko 'yar tawa abincin Turawa take ba ni? Na ce ita ma da ta ɗan rage da bencin coci ya huta.

Ta ce ta ga ƙarfe a gefen ƙanenta. Na ce na ɗaure tiare ne kada iska ta karya shi. Ta yi mini kallon da ta saba.

Ƙarya a ƙofar coci, da girmana.

Litinin, da la'asar

Asibiti kuma. Likita ta nuna mini hoton, ban fahimci komai a ciki ba sai fuskarta. Za su tura ni Auckland. Ba ta ce a warkar ba, ta ce a gwada. Yarinya ce mai kirki, tana zaɓen kalmomi kamar mai tsintar dutse a shinkafa.

Na san yadda mutanenmu ke dawowa daga wannan tafiyar. Wasu a kujera kusa da taga, wasu a ƙasan jirgi tare da kaya. Na rako iri biyun daga filin jirgi sau da yawa, da furanni a wuyana.

Da can wurin nan magana ce ta wata rana. Yanzu ba ta wata rana ba ce.

Talata

Na share Teokotai. Tsintsiyar ta yi mini nauyi, sai da na zauna a kansa na huta. Bai yi ƙorafi ba.

Alhamis, da rana

Gida ya cika. 'Ya'yana mazan biyu sun sauka da matansu, ana ta dariya, ana yanka, ana jera duwatsun umu. Kowa ya rungume ni sai ya ce Mama kin yi ƙarama. Na ce tsufa ne. Moeroa ta tura baƙin da za su zo wani gida don 'yan'uwanta su kwana a ɗakunansu na da, kuma na ji daɗin jin hayaniyar nawa ta bangon nan.

Na gama ɗinkin tivaevae na ƙarshe, mayafin nan namu na ɗinkin hannu, wanda zai kwanta a kan dutsen ƙarƙashin duk sauran mayafan. Furen tiare na yi a jikinsa. Tun kafin ƙarfen nan na fara shi, ban yi da wata manufa ba.

Asabar, da yamma, bayan kowa ya watse

An buɗe dutsen. Fasto ya yi addu'a, aka riƙa kiran mutane suna yaye mayafai ɗaya bayan ɗaya, na coci, na abokan kamun kifinsa, na dangi, na 'ya'ya. Na ƙarshe ni na yaye. Hotonsa na jikin dutsen, da hular nan tasa mai huji. Na yi kuka, kuma ban ɓoye ba, don ranar kukana ce.

Bayan an ci an ƙoshi Moeroa ta miƙe a gaban dangi, ta yi godiya yadda ya kamata, har na ji alfahari da bakinta. Sannan ta roƙi izinin haƙa sabon sokawe don lasisi. Aka ce a ina? Ta nuna ƙarfen.

Wani kawu ya ajiye gwazar da ke hannunsa. Yaya Tuaine ba ta kalli Moeroa ba, ni ta kalla.

"'Yar Mangaia, ke kika ce mata ta yi?"

Na ce ban hana ba.

Ta juya ga Moeroa. "Ke 'yar nan, Auckland ta cinye miki ido ne? Kin taɓa ganin an shuka fure a gefen mutum don ado? Ubanki ya tsaya a kan ƙafarsa a gaban dangin nan ya roƙi wurin nan, har ya yi mana tsawa, shi da ko kare bai iya tsawatarwa. Makwancin uwarki ne."

Moeroa ta kalle ni. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ran da aka kira ta aka ce ubanta ya tafi ban gani ba, don tana can nesa. Ta ce, "Mama?" Na ce i. Ta taka cikin furannin da fararen takalmanta, ta fizge ƙarfen ta jefar a titi, ta shige ɗaki.

Haka bikin Tai ya ƙare. Da yana nan da ya yi wani shirmen da zai sa kowa dariya. Ni ban iya ba.

Lahadi

Ba ta je coci ba. Ba ta ci abinci ba. Yayyenta sun ce laifina ne da na yi shiru, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma su gobe jirgi za su hau.

Da yamma ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ta fasa lasisin, za ta koma. "Ba zan zuba kashin Turawa a inda uwata za ta kwanta ba." Na ce to. Ba ni da ƙarfin da ya wuce to.

Litinin

Na share Teokotai. Na gaya masa duka. Na kuma gaya masa laifinsa ne, da ya zaɓi wuri mai kyau haka har doka ma shi take so.

Laraba, da hantsi

Jiya na ce Moeroa ta ɗauke ni a babur, ina da inda zan je. Ta yi tsammanin asibiti ne. Na sa ta tsaya a gidan Papa Ngatokorua.

Ta san gidan. A nan take sayen burodi tana ƙarama. Shi da matarsa suna kwance gefe da gefe a ƙofar gida, an yi musu rumfa, an shimfiɗa tayil mai tsada, 'ya'yansu ba su yi rowa ba. Sun gama suka koma Brisbane. Yanzu ciyawa mai yaɗo ta haɗiye rumfar, kwanon ya rufta gefe guda, wani ya ɗaure akuyarsa a jikin dutsen matar. Sunansu ma sai an kawar da ganye ake karantawa. Na bar ta ta gani.

Ta ce ita ba za ta bar mu haka ba, za ta riƙa zuwa duk shekara. Na ce 'ya'yan Ngatokorua ma haka suka faɗa, a kunnena, kuma da gaske suke lokacin.

Sai ta kama gefen siket ɗina inda fil yake. Ta ce ta daɗe tana ganinsa. "Mama, me likita ta ce?"

Na gaya mata. Ba zan rubuta ba.

Ta zauna a kan tayil ɗin mutane ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya, akuyar na kallonta. Da ta samu numfashi ta ce to yanzu ma ta ƙara ƙi, tun da abin ya matso, ba wanda zai taɓa wurin. Na zauna kusa da ita, da ƙyar.

Na ce, "Moeroa, saurare ni. Ina son wurin nan. Ba zan yi miki ƙarya ba, ina sonsa fiye da yadda nake son komai da ya rage mini. Amma in na kwanta gefen ubanki, ke kuma kika hau jirgi, wa zai share mu? Ni ban haife ki don in samu rami ba. Ubanki na son hayaniya, yana son a wuce a gaishe shi. Ki bar masa gida mai hayaƙi."

Ta ce ni fa, ina zan je? Na ce ƙasa ba ta ƙare ba. Gaskiyar ita ce ban sani ba. A Mangaia duk waɗanda suka san ni sun riga ni.

Ba ta ce ta yarda ba. Amma da muka dawo ta tsaya a bakin titi ta ɗauko ƙarfen daga cikin kwata.

Alhamis, da la'asar

Yaya Tuaine ta zo, ba sallamar kirki, ta zauna a kujerar Tai duk da ta san ba a zama. Moeroa ta je ta same ta jiya, ashe. Ta ce ta ba da izinin, kada in ɗauka don ni ta yi, don ƙanenta ta yi da 'yarsa. Na ce na gode. Ta ce in riƙe godiyata.

Ta kalli teku. Sannan ta ce a bayan gidanta, wajen dutse, inda iyayensu suke, ta keɓe wa kanta wuri, kuma da faɗinsa.

"Mijina yana can Auckland a ƙarƙashin siminti, ba zai zo ba. In kina iya haƙuri da ni, 'yar Mangaia, akwai gefe."

Na ce tun ina amarya take cina da baki, a can ma ba zan huta ba ke nan? Ta ce to wa zan samu ya fi ta sanin laifuffukana? Muka yi dariya, sai dariyar ta koma wani abu, ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi. Ba ta taɓa riƙe hannuna ba sai yau.

Daga can ana hango rufin gidanmu. Ba a hango Tai.

Lahadi, da yamma

Gobe katafila za ta zo. Mun tone furannin tiare da saiwarsu mun jera a inuwa, wurin ya zama fili.

Bayan coci Moeroa ta tafi kai wa wata abinci. Ban cire kayan coci ba. Na ajiye hulata a kan dutsen Tai, na durƙusa, na miƙe a kan ƙasa a gefensa. Babura na wucewa, ban damu ba, wanda ya ga dama ya ce Mama Paeru ta haukace. Ƙasar da ɗumi. Ta sama ganyen kwakwa ne da ɗan gajimare, abin da yake gani ke nan kullum.

Na ce, Tai, na gwada. Ya isa, har da saura.

Na daɗe a wurin. Tashi ne ya ba ni wahala.

Litinin

Sun haƙa. Ban fita ba. Ƙarar ta isa.

Juma'a, da rana

Nooroa ya zo ya duba, ya ce ya yi daidai, lasisi zai fito mako mai zuwa. Bai yi murmushi ba, kuma na gode masa da hakan. Na sake ba shi gwanda. Wannan karon ya karɓa da hannu biyu.

Ya ce ana iya mayar da furanni a kai, saiwarsu ba ta zurfi. Moeroa ta mayar da su inda suke. Wanda ya wuce zai ga fili mai tiare a gefen Teokotai, ya ce ga wurin Mama Paeru. Ba zan bi kowa ina gyara masa ba.

Laraba, da safe

Jirgi da rana. Yaya Tuaine ce za ta raka ni, ta ce ba ta yarda 'yar Mangaia ta iya hawa jirgi ita kaɗai ba. Moeroa ta so zuwa, na hana, baƙi na sauka gobe, kuma lasisin na rataye a bango a inda hoton aurenmu yake da. Za ta biyo ni in an sa ranar yi mini aiki, ta dawo.

Na so in tashi da wuri in share Teokotai kafin in tafi, jikin ya ƙi. Ina kwance ina jin haushin kaina sai na ji ta taga. Tsintsiya a kan siminti. Tana yi da sauri da yawa, kuma na san ba ta shiga lungun bayan dutse inda ganye ke taruwa. Na buɗe baki zan kira ta in gyara mata, sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa, tana ba shi labarin baƙin gobe.

Na rufe bakina na saurara.